Katako Uku Zuwa Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A majalisa a tambaye ni, a kasuwar Bici a tambaye ni, har a wajen ɗaurin aure wani ya matso kusa da kunnena ya ce, "Sabo, da gaske ne ka sayo injin da ke karanta Larabci?" Na lura kullum labarin ƙara tsawo yake yi a bakin mutane. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe, kowa ya ji, a bar ni in yi aikina. In kun ga rubutun ya ɗan karkace ku yi haƙuri, za ku ji dalili.

Ni kafinta ne a ƙauyenmu da ke tsakanin Dawakin Tofa da Bici. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malami ne kuma masassaƙi, shi ya sassaƙa tsohuwar ƙofar masallacinmu da Bisimilla a samanta. Gara ta cinye ta. Da aka sake ginin masallacin, 'yan kwamiti suka ce a kira mai walda ya yi ta ƙarfe a huta. Sai yayana, Malam Tukur, wanda shi ne liman, ya ce a'a, a ba Sabo, ya yi irin ta Baba. Aka ce to, amma in azumi ya kama ba a kafa ta ba, ta ƙarfe za a sa. Na amsa a gaban jama'a da ƙarfin murya.

Abin da ba wanda ya sani shi ne hannuna na dama ya fi shekara yana rawa. Zarto da guduma ba su gagare ni ba, amma in na ɗauki kurfi, ɗan ƙarfen sassaƙa, zan fitar da siririn layi, sai hannun ya tafi inda ya ga dama. Katako biyu na ɓata a ɓoye ina gwajin zanen fure, matata Hajara ta dafa tuwo da su ba ta san tarihinsu ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Ƙofar Baba ce za ta kuɓuce daga gidanmu, kuma a hannuna.

Ƙanin Hajara, Nafi'u, malamin koyar da ƙere-ƙere ne a wata sakandare a Bici, kuma abokin wasana ne tun ranar da na auri yayarsa. Shi ya haɗa wani inji a gidansa don sha'awa kawai, yana kiransa si-en-si. Ba wani tsafi ba ne: rauta ce, wannan injin da muke riƙewa da hannu muna fitar da ado a bakin katako, aka ɗaure ta a jikin wata gada, aka sa ƙananan injina uku suna tura ta gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Kwamfuta ce ke gaya musu inda za su bi. Na je na sami Yaya na ce ina son in yi ƙofar da irin wannan inji, don sauri.

"Ban hana ka inji ba," in ji shi. "Amma ka tuna yadda Baba yake yi."

Na tuna. In Baba zai sassaƙa sunan Allah, sai ya yi alwala ya ajiye ƙwarya a ƙarƙashin hannunsa. Duk sassaƙen da ya fito daga cikin harafi a ƙwaryar yake faɗawa, in an gama a kai bayan masallaci a binne a gindin tsamiya. Wasu malamai sun ce ba wajibi ba ne, Baba ya ce ya sani, ladabi ne.

"Ko ƙwayar gari ɗaya ba na son ta faɗi inda za a taka," in ji Yaya. "In injinka zai iya, bismilla. In ba zai iya ba, ga hannunka, Allah ya ba ka."

Na ce to, a raina kuwa na ce ai hannun ne matsalar.

Nafi'u ya ce akwai mutum biyu da suke hira da su a wani zaure na waya, ɗaya a Kazaure ɗaya a Damagaram, kowa ya haɗa nasa da irin dabararsa, kuma kowa na rantsuwa nasa ya fi. Na ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Na yanka katako uku daga falankin maɗaci ɗaya, Nafi'u ya zana da'ira da tauraro mai kusurwa takwas a cikinta, ba aya ba sunan Allah, don kowane inji ya yi mana abu ɗaya mu gani. Muka bari aka gama girbin gero, makaranta ta ba da ɗan hutu, na ɗaure katakaina da tsohuwar roba muka kama hanya.

Zangon farko gidan Nafi'u ne. Ya ƙwace wa matarsa ɗakin ajiyar hatsi ya mai da shi wurin aiki, har yau maganar ba ta mutu ba. Injinsa duk na filawud ne, gadar ce ke yawo a kan katakon da aka shimfiɗa, bel ke jan ta, kuma sola da batir biyu sun ishe shi. Ga sauƙi, ga sauri, mutum biyu za su ɗauke shi. Ya kunna yana ta hura hanci, kafin in gama cin gyaɗar da aka kawo mini har ya gama. Na ɗaga katakon na duba. Da'irar ta fito sak ƙwan zabo.

"Matsalar saiti ce kawai, Yaya Sabo," in ji shi. "Dizayin ɗin lafiyarsa ƙalau."

Na kama gadar na ɗan murɗa, ta bi hannuna. Na ce, "Malam mai digiri, ka gina abu da katako ba ka tambayi kafintan gidanku ba? Ƙofar da ke rufuwa da rani ai ƙi take yi da damina. Injinka ya sha raɓa ya kumbura." Ga maɗaci da tauri, bel ɗin miƙewa yake in ya ji wuya. Gari kuwa ba a magana, har a gashin idon Nafi'u, har a kan buhunan dawar da suka rage a ɗakin. Matarsa ta leƙo ta ce in zan tafi da shi Damagaram, don Allah in haɗa da injin.

Washegari muka sauko Dawanau muka shiga motar Kazaure, huɗu a baya biyu a gaba. Kusa da ni wata dattijuwa ce da kwandon zabi a cinya, tun daga tasha take ba ni labarin surukarta kamar ni na haɗa auren. Mun wuce Ɗambatta kaɗan taya ta yi faci. Ƙasa da sauran danshi, jak sai nutsewa yake yi. Ina can ina taya dattijuwar kama zabuwa ɗaya da ta tsere, na waiwayo na ga direba ya kwance ƙunshina ya saka katakona a ƙarƙashin jak. Na yi ihu. Ya ce, "Haba Baba, katako ne fa, ba Alƙur'ani ba." Na gode wa Allah da ba mu rubuta komai a kai ba. Har yau tambarin jak ɗin yana bayan katakon.

Mutumin Kazaure sunansa Garba mai walda, ƙato ne, amma muryarsa siririya, in yana magana sai ka duba bayansa ka ga ko wani ne. Injinsa ƙarfe ne zalla, an kafe ƙafafunsa da siminti, kuma ba bel a jikinsa, rodi mai zare irin na noti ne ke tura komai. Ya sa noti biyu da sifirin a tsakaninsu don kada rodin ya yi wasa. Sai da ya tada babban janareto kafin abin ya motsa, maƙwabcinsa mai shayi ya tattara kofunansa ya koma tsallaken titi, da gani ya saba.

Aikin ya ɗauke mu daga azahar har la'asar. A tsakani Garba ya sa aka kawo shinkafa da wake da soyayyen kifi, su kuma suka kama musu da Nafi'u kamar masu kallon ƙwallo. Garba ya ce injin filawud kayan wasan yara ne. Nafi'u ya ce kafin na Garba ya gama ƙofa ɗaya an yi azumi biyu. Ni dai na ci kifina. Da aka ɗago katakon kuwa, gaskiya ɗaya ce: da'irar ta zauna daram, bakinta sumul, ko Baba ya gani sai ya gyaɗa kai.

Sai dai shagona zauren laka ne mai rufin azara. In na kunna wannan dodo a ciki, sai an tono ni. Na ce, "Malam Garba, garin fa?"

"Gari? Ai iska ke kwashe shi kyauta," in ji shi. Ya ɗauko tiyo ya fesa wa katakon iska, jan gari ya tashi ya fita titi, ya sauka a kan masu wucewa da akuyoyi da kwata.

Na ce wa Nafi'u mu koma gida, na katako ya watsa, na ƙarfe ya watsa, me na Damagaram zai yi daban? Ya ce shi dai tsohon can bai taɓa turo hoton injinsa ba, wai wayarsa ba ta ɗauka, amma ayyukan da yake kwatantawa ba na wasa ba ne. "Mun ci rabin hanya, kuma katako ɗaya ya rage. In muka koma da shi haka, Yaya Hajara za ta yi mana dariya har bana ta ƙare." Wannan hujja ce ta kama ni. Muka kwana a Daura gidan wani abokin karatunsa, da safe muka nufi Kongolam.

Ni ban taɓa tsallake iyaka ba, duk da ta fi Abuja kusa da gidanmu nesa ba kusa ba. Na zaci zan ga katanga. Sandar ƙarfe ce kawai da 'yan rumfuna, karan gero a wannan gefe, karan gero a wancan. A ɓangarensu wani jandarma ya karɓi katinmu ya yi mana Faransanci, na tsaya ina kallonsa, sai ya juya Hausa garau. Ya kwance ƙunshin ya jujjuya katakan, ya kira abokin aikinsa.

"Zo ka gani. Kanawa sun fara kawo mana itace. Me kuke so a ba ku a madadinsa, rairayi?"

Nafi'u ya fara bayanin kwamfuta, mutumin ya ɗaga hannu. Ya nuna na farko ya ce wannan ƙwai ne, ya nuna na biyu ya ce wannan ya yi, ya nuna na uku ya ce in mun dawo mu nuna masa. Muka yi alkawari.

Abin da na fara lura da shi a can, in an zo shinge kowa sauka yake yi ya taka da ƙafa da katinsa a hannu, ba a miƙo shi ta taga, ba kuma mai gunaguni. Na biyu, gonakinsu da faɗi. Mu a nan zakaran wannan ƙauye shi ke tada wancan, ko tafin hannu ba a bari ba a shuka ba. Can kuwa sai ka yi tafiya mai nisa tsakanin Matamaye da Takeita ba ka ga gida ba, sai karan gero tsilli-tsilli da itatuwan gawo. Na ce wa na kusa da ni ƙasarku da yawa. Ya ce ruwanku da yawa, mu yi musaya.

Mun shiga Damagaram da rana tsaka, gari ya yi tsit, shaguna a rufe. Na ce ko rasuwa aka yi. Mai babur ɗin da ya ɗauke mu ya ce hutun rana ne, sai bayan azahar sosai ake buɗewa. A Kano in ka rufe shago a wannan lokaci, kafin ka dawo maƙwabcinka ya gaje masu cinikinka.

Mai masaukinmu, Malam Isufu, dattijo ne siriri mai kaurin tabarau, tsohon mai gyaran keken ɗinki. Yana ganinmu a ƙofar gida ya ɗaga murya. "Hajiya, kawo ruwa, ga bayina sun iso daga Kano!" Kun san wasan da ke tsakaninmu da Damagarawa. Na ce ai ubangiji ne ya zo duba talakawansa, ya ga ko suna cin abinci. Ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya sauke mu a zaurensa, an share an shimfiɗa katifu biyu da gidan sauro.

Na ce ina injin. Ya ce, "Bakano da gaggawa, sai ka ce an biyo shi. Kun sha tahiya, ku ci tukuna." Aka kawo dambu da zogale, wanda suke kira kwabto, da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa tauri cikinsa laushi. Na nemi in yanka shi da wuƙa, aka ce karya shi ake yi. Aka kawo cuku, na ɗauka fata ce, na tauna na ji daɗi na ƙara. Sannan ya hura gawayi ya ɗora 'yar buta. Shayinsu a ɗan mitsitsin kofi ake sha, kuma zagaye uku ne, wanda ya tashi kafin na uku ya yi rashin kunya. Na farko ɗaci kamar maɗacin da na ɗauko. Ina sha ina kallon ƙofar cikin gida, shi kuwa yana ta ɗaga buta sama yana tsiyayawa, yana sane da ni sarai.

Bayan la'asar aka yi mana iso. Injin yana ƙarƙashin wata rumfa a tsakar gida, taku uku daga inda matarsa, Hajiya Mariyama, ke dama furar sayarwa. Da na gan shi na ji kamar in nemi kuɗin motata. Ɗan ƙarami ne, bai wuce teburin mai shayi ba, an ɗora shi a kan ƙafafun tsohon keken ɗinki. Gadarsa ta ƙarfen gado ce, a kafe take ba ta zuwa ko'ina. Teburin ne ke tafiya a ƙarƙashinta, sarƙar keke na jan sa.

"Shekara talatin ina kallon keken ɗinki," in ji Malam Isufu. "Allura ba ta yawo, yadi ke tahiya. In abin da ke sara yana tsaye da ƙarhinsa, ba ya rawa."

Nafi'u ya auna teburin da ido ya ce ƙofar masallaci ba za ta hau nan ba. Tsohon ya dube ni. "Wannan malamin lakwal ne, ɗan boko, an yahe masa. Kai kafinta, ƙofa falle ɗaya ce?" Kunya ta kama ni, don ta Baba ma gida takwas ce aka sassaƙa ɗaya-ɗaya aka haɗa a cikin firam.

Amma ni ba wannan nake kallo ba. A bakin rautar an kifa ƙwarya, an huda ta a tsakiya, an ɗinka mata gezar fata a gefe tana share katako. Daga cikinta tiyo ya fita ya shiga wani tulu, a bakin tulun an ɗaure ƙyalle, a samansa wata fanka da aka ciro daga tsohuwar mota. Na ce wannan fa? Kafin ya buɗe baki Hajiya ta amsa daga bakin turmi.

"Tambaye ni, ɗan Kano. Da ya fara wannan haukan, masu sayen hura suka ce hurata ta koma ja, tana kama maƙogwaro. Na ce Malam, ko injin ya bar gidan nan ko hura ta bari, kuma ka san wadda ke ciyar da mu. Kwana uku bai yi magana ba. Ran na huɗu na nemi ƙwaryata ta awo na rasa."

"Aro na yi," in ji shi.

"Shekara biyu ke nan."

Aka ɗaure katako na uku aka kunna. Fankar ta fara zuƙa, teburin ya kama tafiya a hankali. Bai kai na Nafi'u sauri ba, bai kai na Garba nawa ba. Na cire farar hulata na ajiye a ƙasa dab da injin, ba wanda ya tambaye ni dalili. Da aka gama na ɗauke ta na duba ciki da waje, fara tas. Na shafa ƙasa da tafin hannu, ba komai. Malam Isufu ya kwance bakin tulun ya karkato mini shi, ga jan garin nan duka a kwance a ciki. Wallahi sai da na ji hawaye. Abin da na ƙetare ƙasa ina nema, ashe furar Hajiya ta riga ta warware shi.

Da'irar ta yi daidai, sai dai kusurwoyin tauraron ta ciki sun fito da ɗan lanƙwasa, kamar yadda suka fito a na Garba. Tsohon ya ce bakin rauta zagayayye ne, ba injin da zai shiga lungu, wannan aikin hannu ne. Ya miƙo mini kurfi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗora kurfin a kan kusurwar, bakinsa ya kama kaɗawa a gaban kowa. Nafi'u, mai bakin da ba ya rufuwa, ya sunkuyar da kai ya shiga duba sarƙa.

Na gaya musu komai, da hannun, da ƙofar, da sharaɗin Yaya. Malam Isufu ya cire tabaransa ya nuna mini. "Ni ido ne. Ranar da na kasa zura zare a allura na san aikina ya ƙare, shi ya sa na yi wannan. Inji zai ɗauke maka tara cikin goma. Ɗayan da ya rage, ka nemi wanda zai dafa maka." Kwana biyu muka ƙara muna aune-aune, yana zana mana komai a bayan takardar siminti. Hajiya ta ƙulle mini cuku na kai wa Hajara. A iyaka muka nemi jandarman nan muka cika alkawari, ya duba katakon ya ce Damagaram ta ci, dama ya sani.

Masu tambayata wanne ya fi, ga amsa: ba wanda na kwafa ɗungurungum. Tsarin na Malam Isufu ne, gada a kafe, tebur na tafiya. Garba ne ya yi mini waldar gadar, ya kuma sa mini rodinsa mai noti biyu, yana ta mita wai na bi ra'ayin mai keken ɗinki. Wayoyi da sola da kwamfuta na Nafi'u ne. Teburin ni na yi shi da maɗacin da ya shekara goma yana bushewa a rufin zaurena. Wata uku muka yi muna fama. Ƙwarya ta farko ta tsage, ta biyu tana yoyon gari ta gefe, sai a ta uku Hajara ta ce in daina ɗaukar nata, ta je kasuwa ta zaɓo mini mai kauri.

Ranar gwaji Yaya ya zo da hantsi, da farin alawayyo a kafaɗa, da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a hammata. Ina ganinta na gane ta, ta Baba ce, ban san ya ajiye ta ba. Ya shimfiɗa alawayyon ya zagaye injin da shi. Bisimillar da za a sassaƙa rubutun hannunsa ce, Nafi'u ya ɗauki hotonta ya shigar a kwamfuta. Muka yi alwala mu uku, aka kunna.

Ban taɓa jin lokaci ya yi tsawo haka ba. Da injin ya yi shiru Yaya ya durƙusa ya bi ƙyallen nan kamu-kamu. A gefe ɗaya ya tsaya. Ya lashi ɗan yatsa ya ɗauke wasu 'yan ƙwayoyi ja guda uku ko huɗu, ya kakkaɓe su a ƙwaryar Baba.

"A kan ƙyalle suka faɗi, ba a ƙasa ba," in ji shi. "Baba ma yakan tsince. Juye tulun a nan."

Na juye. Saura lungunan haruffa, inda rauta ba ta shiga. Na so ya tafi tukuna, amma ya gyara zama. Na ɗauki kurfi na ɗora, hannun ya fara abin da ya saba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji ya tura ƙwaryar ƙarƙashin katakon da hannun hagu, ya kama wuyan hannuna da na dama ya riƙe gam.

"Tun sunan ɗan Nafi'u na ga rawar hannun nan, da kake miƙo mini kunu," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Da na ce a ba ka ƙofar, ba don ban sani ba ne. Shekarun Baba na ƙarshe, wa kake tsammani yake riƙe masa hannu? Sara, na riƙe."

Na sara. Sassaƙen ya faɗa cikin ƙwarya.

Bayan la'asar muka kai garin gindin tsamiya muka binne. An kafa ƙofar saura kwana tara azumi. Katakan nan uku suna rataye a shagona, da mai ƙwan zabo, da mai tambarin jak, da na Damagaram, wanda yake so ya zo ya gani ya zaɓi nasa. Amma in kun je masallaci ku daina cewa inji ne ya yi ta duka. Ku matsa kusa ku duba lungunan haruffan. Duk wanda kuka gani, ni da Yaya muka sare shi.